Ta yaya mace za ta kamu da ƙanjamau, mijinta na shekara biyar ba shi da shi?

Maman_Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min da bayani, tun shekaranjiya ban yi barcin kirki ba. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Rigasa shekara biyar kenan, sai bana Allah ya ba ta ciki, ta je awo cikin na wata huɗu aka ɗebi jini aka ce tana ɗauke da ƙanjamau. Aka kira mijin shi ma aka gwada shi, ba shi da komai, bai yarda ba ya je asibitin kuɗi ya sake nan ma haka. To shi ne dangin miji suka ce ai magana ta fito fili, tunda shi lafiyarsa lau to waje ta je ta kwaso, in da tun da can tana da shi ai da tuni ya ɗauka. Uwar mijin har ta ware mata kwano da kofi da buta, ta hana jikokinta shiga ɗakinta. Ni na san ƙanwata, wlh ko zaure ba ta leƙawa sai da izini. Abin da na sani dai ta taɓa aure kafin wannan, shekararsu biyu mijin ya rasu bayan doguwar jinya, tari aka ce mana. Tambayata, zai yiwu namiji ya zauna da mace shekara biyar tana da cutar bai ɗauka ba? Ko dai injin gwajin ne ya yi kuskure?

Abu_Sadiq_Kawo: Innalillahi. Allah ya ba ta lafiya. Amma gsky da kamar wuya gurguwa da auren nesa, shekara biyar fa aka ce ba sati biyar ba.

Ummu_Khairat: Allah sarki baiwar Allah, ga ciki ga wannan tashin hankali. Allah ya kawo mata ɗauki.

Nas_Hauwa: Wa alaikumus salam. Maman Ilham ki kwantar da hankalinki, eh yana yiwuwa, kuma ba wani abin mamaki ba ne a wajenmu, a ɗakin awo kusan kullum ta nan ake ganowa domin mace ce ake ɗibar jininta dole in ta samu ciki, namiji kuwa sai ya shekara goma bai taka asibiti ba. Muna da ma'aurata da yawa da ɗaya ke da shi ɗaya babu, wani lokaci matar ce wani lokaci mijin. Sannan mutum zai iya ɗaukar ƙwayar shekara takwas har goma jikinsa garau ba ko ciwon kai, saboda haka lissafin ya yi daidai da auren farkon nan da kika faɗa, ballantana da kika ce tari, tarin tibi shi ne ciwon da ya fi kashe masu wannan cutar. Ba zan rantse a kan mamaci ba, amma ba wanda ya isa ya kalli takardar gwaji ya ce ga ranar da ta kamu. Maganar kuskuren inji kuma, ba a cewa mutum yana da shi da gwaji ɗaya, sai an maimaita da wani kalar abin gwajin daban ya tabbatar.

Dan_Rigasa: Anti Nas ku ma'aikatan lafiya ku ke rikita mu. Tun muna firamare ake mana waƙa a rediyo cewa sau ɗaya tak ya isa, yanzu kuma kin ce shekara biyar ma ba komai, wanne za mu kama?

Nas_Hauwa: @Dan_Rigasa ban ce ba komai ba, kar ka sa min magana a baki. Duka biyun gaskiya ne. Ka ɗauki hanyar Kaduna zuwa Zariya, akwai direban da ya shekara ashirin yana binta kullum ko taya bai taɓa fashe masa ba, akwai wanda ranar da ya fara hawa ranar ya faɗa rami. Sau ɗaya zai iya isa, amma ba kowane sau ɗaya ba. Ƙiyasin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, a saduwa ɗaya ba kariya, mace daga namiji kamar 8 ne cikin 10,000, namiji daga mace kamar 4 cikin 10,000. Ka ga mace ta fi saurin ɗauka. Abin da ke ɗaga lissafin sama shi ne yawan ƙwayar a jinin mai ita, musamman makonnin farko da kamuwa da kuma in jiki ya fara faɗuwa, sai ciwon sanyi ko gyambo ko ƙuraje a gaba domin ƙofa suke buɗe mata. Kaciya kuma tana rage wa namiji haɗarin da kusan kashi 60 cikin 100, mu kuwa a nan kusan kowa da kaciyarsa. Mijin nan sa'a ya taka, ba wai jininsa ya fi ƙarfin cutar ba ne.

Abu_Sadiq_Kawo: Ni dai na ji ana cewa masu jinin O ba sa ɗauka.

Nas_Hauwa: Ƙarya ne Malam Abu. Masu O nawa nake ba magani da hannuna.

Mai_Hakuri77: Na daɗe a zauren nan ban taɓa magana ba, yau dai zan yi don wannan labarina ne. Ni ne mijin irin wannan matar. Shekara goma sha ɗaya kenan da aka gano maiɗakina tana da shi, ni babu, har yau ɗin nan babu, watan jiya ma na sake gwaji. Ba zan ɓoye muku ba lokacin da aka faɗa min sati biyu na yi ina kwana a shago a Kasuwar Barci, a kan buhunan kaya, in ta aiko da abinci almajirai nake ba. Na rubuta takardar saki ta kwana uku a aljihun gaba na rigata har zufa ta jiƙa ta. Abin da ya dawo da ni wata dattijuwa ce mai ba da shawara a asibitin, ta ce Alhaji shekara nawa kuna ci a kwano ɗaya, na ce huɗu, ta ce to yau ne kwanon zai kashe ka? Daga baya muka gano ƙarin jini aka taɓa yi mata tana budurwa a wani ƙaramin asibiti a ƙauyensu bayan haɗarin mota, Allah kaɗai ya san ko daga nan ne. Yanzu ƙwaya ɗaya take sha kullum ƙarfe tara na dare, a cikin gwangwanin madara take ajiye robar maganin a saman sif saboda baƙi masu bincike, wayata ce ke ƙara in lokaci ya yi, har ƙaramin yaronmu ya san in ta yi ƙara zai ce Umma lokacin maganin hawan jini ya yi. Yara uku muka samu bayan nan, dukkansu lafiya lau an gwada. Ko mahaifiyata ba ta sani ba har ta koma ga Allah, kuskuren da aka yi a gidan ƙanwarki kenan, da aka bari magana ta kai kunnen dangi tun ba a fahimci komai ba.

Ummu_Khairat: Wlh na yi hawaye. Allah ya saka maka da Aljanna Alhaji, maza irinku sun yi ƙaranci.

Mai_Hakuri77: Hajiya kar ki yabe ni da yawa, ai na faɗa miki guduwa na fara yi.

Dan_Rigasa: Alhaji afuwan, tambaya ce ba rashin kunya ba. Yara uku kenan ba kwaroron roba, to ya aka yi?

Dr_Bash_Barnawa: Bari in amsa masa. Idan mutum yana shan maganin kullum ba fashi, yawanci cikin wata shida ƙwayar tana raguwa a jini har injin ya kasa ganinta, shi ne gwajin da ake ce wa bairal lod. Wanda ya kai wannan matakin kuma ya ci gaba da riƙe shi ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Ba faɗar fatar baki ba ce, a 2011 wani babban bincike mai suna HPTN 052 a kan irin waɗannan ma'aurata ya nuna fara magani da wuri ya rage yaɗuwa da kashi 96 cikin 100, sannan binciken PARTNER a Turai ya bi ma'auratan da suka sadu kusan sau 58,000 ba kariya, mai cutar yana kan magani ƙwayar ta kwanta, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. Amma a lura, ba warkewa ba ce, ranar da aka ajiye magani ƙwayar za ta farfaɗo cikin 'yan makonni. Ita ƙanwar Maman Ilham yanzu ta fara, saboda haka kafin sakamakonta ya nuna ta kwanta sai su yi amfani da kwaroron roba, ko shi mijin a ɗora shi a kan PrEP, ƙwaya ce da wanda ba shi da cutar ke sha kullum don kariya. Kuma ya sake gwaji bayan wata uku, don irin gwajin nan na ɗan yatsa ba ya kama sabon kamu nan take.

Hajiya_Babba_TW: Ni fa 'ya'yana abin da ke ba ni tsoro masu yankan farcen nan ne da wanzamai. Almakashi ɗaya za a bi layin masallaci da shi tun daga liman har ladan, a goge da ɗan tsumma da ruwan kumfa shi kenan. Ga masu sakiya da ƙaho da cire beli. Wa ya sani ko ta nan yarinyar ta samu.

Dr_Bash_Barnawa: Hajiya gaskiyarki ta wani ɓangaren, duk abin da zai huda fata ya taɓa jini a yi hattara da shi, kowa ya riƙe rezarsa. Sai dai ƙwayar ƙanjamau ba ta daɗewa a waje in jini ya bushe, abin da na fi ji wa mutane tsoro a wajen wanzami ciwon hanta ne, shi ƙwayarsa sai ta yi sati a jikin ƙarfe da ranta. Allura da sirinji da aka yi wa wani aka sake yi wa wani, da jinin da ba a tantance ba, waɗannan su ne masu haɗarin gaske. Hanyoyin dai sanannu ne, jini, maniyyi, ruwan gaban mace, sai uwa zuwa ɗa a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. Yawu, zufa, hawaye, kwano, buta, banɗaki, musabaha, duk babu.

Sani_Keke: to sauro fa likita? ai shima allura ne da shi kuma jini yake sha

Bro_Yakubu_Sabo: Hhhh Sani in da sauro na rabawa ai da mu mazauna bakin kogin Kaduna an gama da mu tun tuni, daga Kabala har Nasarawa ba wanda zai rage. Sauro yawunsa yake zuba maka ba jinin wani ba, kuma ƙwayar ba ta rayuwa a cikinsa.

Sani_Keke: ai shikenan na huta, dama gidan sauro na ya yage

Bro_Yakubu_Sabo: Ka ɗinke abinka, maleriya na nan tana jiranka. Amma Maman Ilham tambaya, ba a yi musu gwaji kafin aure ba? Mu a cocinmu fasto ba ya ɗaura aure sai ya ga takarda, kuma ba wai ku kawo ba, dattijon coci ne zai raka ku asibitin a ɗebi jinin a gabansa.

Maman_Ilham: Ba a yi ba Yakubu. Auren bazawara ne, cikin sati biyu aka gama komai, da Baba ya yi maganar gwaji sai waliyyin ango ya ce ai an san juna, zargi ne ke kawo wannan. Yanzu su ɗin ne ke cewa an ɓoye musu.

Zee_Unguwar_Rimi: An san juna, kalmar da ta kashe mutane da yawa kenan. Ai gara Kano da suka mai da shi doka a 2024, ba aure sai da gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da sikila. Ko da yake wlh takardar ma sayenta ake yi, ƙawata da idonta ta ga saurayinta ya kawo sakamako da hatimi da sa hannu alhali ranar yana Abuja, da ta ce su koma tare sai ya ce ta raina shi, auren da ba a yi ba kenan.

Malam_Auwal: Assalamu alaikum. Ni ba likita ba ne, ɓangaren da na ɗan sani zan taɓa. Dangin mijin nan su ji tsoron Allah. Jifan mace mai kamun kai da zina ba tare da shaidu huɗu ba shi ne ƙazafi, Suratun Nur aya ta 4 bulala tamanin ta yanke, kuma ba a sake karɓar shaidar mutum. Takardar asibiti ba shaidar zina ba ce, ga likitoci nan sun lissafa hanyoyi. Shi mijin in ya ga ba zai iya zama ba, saki halal ne, ya sallame ta da mutunci ya ɗauki nauyin cikinsa, amma ba a haɗa mata ciwo da ɓata suna ba. A samu wani babba da uwar mijin ke jin nauyinsa ya je ya same ta, irin wannan ba a aika yaro.

Zee_Unguwar_Rimi: Malam ka ce saki halal ne, to da shi ne ke da cutar ita babu fa? Wlh da tuni an taru a kanta ana ki yi haƙuri, aure ibada ne, jarrabawa ce. Mata nawa ne ke jinyar mazan da suka kwaso musu, ba wanda ya ware wa namiji buta.

Malam_Auwal: Ban musa miki ba 'yar'uwa. Ita ma in ita ce lafiya tana da hakkin ta nemi rabuwa in tana tsoron cutuwa, ba a tilasta ta.

Uwargida_Sarauta: Ni tambayata ɗaya, yana da wata matar? Don in ni ce uwargidan gidan wlh ba zan ɓoye ba, ranar zan ce a dakatar da rabon kwana sai an san inda aka tsaya. Ba ƙiyayya ba ce, ina da 'ya'ya.

Maman_Ilham: Yana da uwargida, 'ya'yanta huɗu, an gwada ta ita ma babu. Abin mamaki ita ce ma ke shiga ɗakin ƙanwar tawa da daddare ta kai mata kunu in tsohuwar ta yi barci.

Uwargida_Sarauta: Kai, Allah ya yi mata albarka, ta fi ni zuciya gaskiya.

Nas_Hauwa: @Uwargida_Sarauta tsoronki ba laifi ba ne, kuma hakkin uwargidan ne a zaunar da ita a yi mata bayani da su ukun gaba ɗaya. Cutar ba za ta tsallake mijin ta same ta ba, sai shi ya kamu tukuna, saboda haka kare shi shi ne kare ta. Maman Ilham abin da ya fi komai gaggawa yanzu cikin nan ne, rigimar dangi ta biyo baya. In ba magani, cikin jarirai 100 na iyaye masu cutar 15 zuwa 45 na iya ɗauka, in uwa na shan magani yadda ya kamata yana sauka ƙasa da 5. Kar ta yi fashin ko kwana ɗaya don ɓacin rai, kar ta haihu a gida, da an haihu akwai maganin ruwa da ake ɗiga wa jariri na sati shida, a gwada shi a sati shida, a yi ta bibiya har gwajin ƙarshe wajen wata 18 ko bayan yaye. Nono kuma za ta ba shi, zalla wata shida ba ruwa ba jiƙo ba zuma, a nan ne nake jin tsoron kakar, don su ne masu ɗura wa jariri ruwan rubutu da dabino ranar suna.

Gaskiya_Daya: Akwai wani mai magani a hanyar Birnin Gwari yana warkar da shi tas cikin kwana arba'in, mutane da yawa sun gwada an ga babu. Mai so ya yi min magana ta bayan fage.

Shugaban_Zaure: @Gaskiya_Daya gargaɗi na farko kuma na ƙarshe, ba a tallan magani a nan.

Hajiya_Babba_TW: Kai yaro ka ji tsoron Allah. Ɗan ƙanwata haka aka yi masa, yana shan maganin asibiti ya yi ƙiba har ya sayi babur, wani ya ba shi jarka biyu na jiƙo ya karɓe kuɗin babur ɗin ya ce ya zubar da ƙwayoyin Turawa. Ya je gwajin yawan ƙwaya aka ce ba a gani ba, ya dawo yana rawa, ashe aikin maganin asibitin ne da bai gama fita jikinsa ba. Ba a rufa shekara biyu ba muka kai shi makwancinsa.

Abu_Sadiq_Kawo: Allah ya jiƙansa. To wai maganin ma ba an ce Amurka ta janye tallafi ba tun hawan Trump a 2025? In ya yanke fa, ya Alhaji Mai Haƙuri zai yi?

Mai_Hakuri77: Lokacin da aka yi sanarwar nan wlh mun shiga damuwa, maiɗakina har ƙirga ƙwayoyin da suka rage take yi a kan darduma. Amma mu dai ba mu taɓa zuwa aka ce babu ba, kuma ba mu taɓa biyan kuɗin maganin ba. Ana bayarwa a asibitocin Barau Dikko, da Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da Gwamna Awan a Kakuri, wasu ma Shika suke tafiya can Zariya don kar su haɗu da idon sani a layi. Mu ma ba a unguwarmu muke karɓa ba.

Dr_Bash_Barnawa: Kuma mutane su daina ganin abin kamar na wasu can ne. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49, kimanin mutum miliyan 1.9 a Najeriya. Akwai kuma dokar 2014 da ta hana tsangwamar masu ɗauke da cutar ko korarsu daga aiki. Ƙarin abu ɗaya, in kwaroron roba ya fashe ko aka yi wa mace fyaɗe ko allura ta soki ma'aikaci, akwai PEP, maganin kariya na gaggawa, a fara cikin awa 72 a sha kwana 28, kar a tsaya jiran gobe.

Maman_Ilham: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na tura wa mijin bayanin Anti Nas da na Likita da labarin Alhaji, ya karanta bai ce komai ba sai can wajen sha ɗaya ya kira ni ya ce ranar Litinin zai raka ta asibiti ya ji da kunnensa. Bai ce ya haƙura ba, bai kuma ce ya sake ta ba. Tsohuwar dai tana nan a kan bakanta, jiya ma da ƙanwar tawa ta taɓa tulun ruwa sai da ta sa aka zubar aka wanke da toka. Baba ya ce zai samu limamin unguwarsu gobe bayan La'asar.

Abu_Sadiq_Kawo: Ni har yanzu shekara biyar ɗin nan na tsaya min a rai, amma tunda ga Alhaji da sha ɗaya na yi shiru.

Mai_Hakuri77: Maman Ilham maiɗakina ta ce in ba damuwa ki turo lambar ƙanwar taki ta bayan fage za ta kira ta, ta ce satin farko maganin yana sa jiri da rashin barci, gara ta ji daga bakin wadda ta sha kar ta tsorata ta ajiye.

Maman_Ilham: Na turo Alhaji. Amma ta kira bayan Isha'i, da rana wayar tana hannun yaran gidan.